Mu Koyi Sana'a: Idan Sitiyari Ya Kulle, Daga Ina Za a Fara?



Makon jiya mun tarar da wani malami tsaye a harabar makaranta bayan an tashi, motarsa ta ƙi tashi, sitiyari kuma ya ƙi juyawa. Ɗalibai sun kewaye shi, kowa da shawararsa. Wani ya ce a tura, wani ya ce ƙwaƙwalwar mota ce ta ƙone. Da mai rewaya ya zo, sai ya ɗauko mita ya gwada batir, ya kankare tsatsar da ta taru a kansa, ya ɗaure waya, mota ta tashi. Da an bi maganar ƙwaƙwalwa, da albashin malam ya tafi a banza. Shi ya sa muka ga ya dace yau mu duba wannan matsala.

Makullin sitiyari wata 'yar sakata ce ta ƙarfe da ke shiga jikin sandar sitiyari don hana ɓarawo tuƙa mota. A tsofaffin motoci, zare makulli ne ke sakin sakatar. Idan taya ta jingina da dutse ko gefen kwalbati, sai sandar ta matse sakatar, makulli ya ƙi murɗuwa. Maganin wannan ba ya buƙatar kuɗi: a riƙa girgiza sitiyari dama da hagu a hankali ana murɗa makullin. Kada a yi masa ƙarfi, don yana iya karyewa a ciki.

A motocin da ake tayarwa da maɓalli kuwa, wani ƙaramin injin lantarki ne ke turawa da janye sakatar. Kwamfutar mota tana fara tantance rimot, ta ba injin umarni ya janye sakata, shi kuma ya aiko mata da saƙo cewa ya buɗe. Idan saƙon bai iso ba, ba za ta bari mota ta tashi ba. Ashe ke nan laifin yana iya kasancewa a ko'ina cikin wannan jeri. Dokar aikin ita ce a fara da mai arha da sauƙi, kuma a gwada kafin a saya.

Na farko, a tabbata giya tana kan P kuma an taka birki. Sannan a kasa kunne: lafiyayyen makulli yakan yi ɗan sauti a ƙarƙashin sitiyari lokacin da yake buɗewa. Shiru na nufin ko wuta ba ta isa ba, ko umarni bai zo ba.

Na biyu, batirin mota. Cikakken batir yakan nuna kusan bolt 12.6 a mita idan inji yana kashe. Idan ya sauka ƙasa da 12, ya yi rauni, ko da fitilun dashbod suna kamawa. A duba kawunansa ko sun yi tsatsa ko sun kwance, haka ma wayar da ta taso daga ɓangaren ragi ta kama jikin mota. Kun tuna darasin kimiyya: lantarki ba ya aiki sai ya samu hanyar tafiya da ta dawowa.

Na uku, batirin rimot. Yawancinsu irin mai kama da kwabo ne, bolt 3, kamar CR2032. Idan ya mutu, a motoci da yawa ana iya kara rimot ɗin a jikin maɓallin tayarwa a danna.

Na huɗu, fis. Littafin mota ko murfin akwatin fis zai nuna wanda ke kula da makullin. Idan ya ƙone, a sa mai lamba daidai da tasa. Kada a ɗaura masa waya ko takardar azurfa, don hakan ne ke jawo gobara. Idan sabon ya sake ƙonewa, akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe, sai an nemo ta.

Na biyar, na'urar bincike. A ƙarƙashin dashbod akwai soket mai ramuka 16 da ake kira OBD-II, wanda ya zama dole a motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996. Na'urar za ta nuna lambar matsala, amma lambar tana nuna unguwa ce kawai, gidan sai an nema da mita. Sai an tabbata wuta da umarni suna isa ga makullin amma ya ƙi motsi, sannan a ce shi ne ya lalace. Sabo kuma a motoci da yawa sai an haɗa shi da kwamfutar motar kafin ya yi aiki.

Ga gargaɗi biyu. Wayoyi da soket masu launin rawaya kusa da sitiyari na jakar iska ne. Kada ɗan koyo ya sa musu mita, don jakar tana iya fashewa a fuskarsa. Wannan aikin ubangida ne, bayan an cire batir an ɗan jira. Sannan ku faɗa wa duk direban da ke kashe mota a gangara don tattalin mai cewa idan makulli ya koma baya ko ya zaru, sitiyari na iya kullewa ana cikin gudu, birki ma ya yi tauri.

Ku da kuke zuwa gareji bayan makaranta, da ku 'yan kwalejin fasaha masu shirin jarrabawar NABTEB, ku riƙi wannan: mai canki-canka yakan ci kuɗin mutane ya zubar da amana, mai gwaji shi ake nema har gida. Aikin gida: ku nemi izinin mai mota, tare da babba, ku gwada batir da mita, inji a kashe da kuma yana aiki. Ku rubuto mana lambobin biyu da dalilin bambancinsu.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.