Winslow Homer da Darasin Zama Wuri Ɗaya

Ana cewa sai mai fasaha ya yi yawo idonsa ke buɗewa. Ban ƙi ba. Amma tarihin Winslow Homer, mai zanen nan ɗan Amurka, ya tabbatar mini cewa zama wuri ɗaya ma makaranta ce, kuma ta fi yawo wuya.

Homer ya taɓa nasa yawon. An haife shi a Boston a 1836, ya yi wa mujallar Harper's Weekly zanen sojoji lokacin yaƙin basasar Amurka, ya kuma zauna cikin masunta a ƙauyen Cullercoats na Ingila daga 1881 zuwa 1882. A 1883 sai ya tattara ya koma Prouts Neck, wani yanki mai duwatsu da ya kutsa cikin teku a jihar Maine. Ya mai da ɗakin ajiye keken doki wurin aikinsa, da baranda mai fuskantar Tekun Atlantika. Yakan fita, amma nan yake dawowa, har ya mutu a 1910.

A dubi zanensa mai suna Northeaster na 1895, wanda ke gidan tarihi na Metropolitan a New York. Baƙin dutse ne kwance a karkace, koren ruwa ya taso yana shirin faɗa masa, farin kumfa ya turnuƙe sama. Da farko akwai mutum biyu tsugune a kan dutsen. Daga baya Homer ya shafe su, ya ƙara wa kumfan girma. Da suna nan, hankalin mai kallo a kansu yake: su wane ne, za su tsira? Da suka kau, ba abin da ya rage tsakaninka da ƙarfin tekun. Sai wanda ya san wurin ciki da bai zai iya wannan ƙarfin halin.

Wani zai ce ai maimaici ne, dutse da ruwa kullum. To, ya jera zanukan Homer biyu, Weatherbeaten na 1894 da West Point, Prout's Neck na 1900. Gaɓa ɗaya ce, amma na farko sanyi ne da duhun hadari, na biyu kuwa jan sama ne bayan faɗuwar rana. Mai wucewa teku kawai yake gani. Mazaunin wuri shi ya san sau nawa take sauya fuska. Mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa.

Shi ya sa nake kira ga matasanmu masu zane da ɗaukar hoto: ku daina raina abin da ke ƙofar gidanku don kun saba ganinsa. Sabo daban, sani daban. Ku zaɓi wuri guda, ku bi shi rani da damina, shekara da shekaru, har ku gane abin da ya kamata ku bari a hoto da abin da ya kamata ku cire.