Mota tana shan gyara, gida fa?

Duk wanda ya saba zama wurin hira a birnin Damagaram bayan sallar isha'i, ko a Birni, ko a Zango, ko a Sabon Gari, ya san inda zance yake dosa. Za a fara da gaisuwa da ban gajiya. A taɓa maganar ruwan famfo, ko ya zo ko bai zo ba, da abin da mai garuwa ya karɓa da safe. Kafin a sauke shayi na biyu, hira ta koma kan abu biyu: mota da gini. Wannan ya ce gobe zai kai motarsa juyen baƙin mai. Wancan ya ce ya samu fili a bayan gari, ya sa an fara buga masa bulo. Hira ce ta yau da kullum, ba wanda yake rubuta ta. Amma mu a wannan shafi mun ga ya dace mu tsaya a kanta, domin akwai wani abu a cikinta da ya shafi rayukan jama'a.

Abin kuwa shi ne, mutanenmu sun ƙware wajen kula da mota. Mai mota ba ya jiran inji ya buga kafin ya je wurin makaniki. Yana lissafin kilomita, ya san ranar juyen mai. Da safe yana duba ruwan lagireto, ya duba iskar taya, ya saurari ƙarar inji kamar yadda uwa take sauraren numfashin jariri. Idan ƙurar hunturu ta taso, ya sa a kakkaɓe masa matatar iska. Tun da aka buɗe matatar man fetur ta SORAZ a watan Nuwamba na 2011, a kan hanyar Tanut, har gardama ake yi a wurin hira a kan man gidan mai da man kwalba na bakin titi, wanne ya fi yi wa inji lahani. Ba mu ga laifin wannan ba. Wanda zai ɗauki hanyar Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, da iyalinsa a baya, wajibi ne ya tabbatar da birkinsa.

To, gidan da iyalin nan suke kwana a ciki kowane dare, wa yake lissafa masa kilomita?

Damina ta 2024 ta yi mana wannan tambaya da babbar murya. A faɗin ƙasar Nijar sama da mutum 300 suka rasa rayukansu, fiye da miliyan ɗaya abin ya shafa, kuma jahar Damagaram tana cikin inda ɓarnar ta fi yawa. Waɗansu ruwa ne ya ci su, waɗansu kuwa ɗaki ne ya rufta musu. Ran 3 ga watan Satumba na wannan shekara tsohon masallacin Birni, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya zube bayan ruwa mai ƙarfi. Ruwa na Allah ne, kuma na wannan shekara ya wuce yadda aka saba. Ba mu ɗora wa kowa alhakin masallacin ba. Sai dai idan ginin da dukan gari yake alfahari da shi bai tsira ba, to, mai ɗakin da bangonsa ya shekara biyar bai ga yaɓe ba ya kamata ya shiga taitayinsa.

Kakanninmu ba su ɗauki gida abin da ake ginawa a gama ba. Ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye Birni da ita, da gidan sarki, da manyan gidajen fatake na Zango masu zanko da zane a fuska, duk da ƙasa aka yi su. Magina suna cuɗa ƙasa da ciyawa, su bar ta ta kwana ta ruɓa, su mulmula tubali, su jera. Su rufa da azarar giginya, wadda gara ba ta cika cin ta ba. Su shafe da makuba don ruwa ya zame. Amma asirin daɗewar ginin ba a nan kaɗai yake ba. Kowace shekara, kafin hadari ya fara haɗuwa, mai gida yana hawa soro. Ya toshe tsaga, ya share indararo, ya ƙara yaɓe inda ruwan bara ya zaizaye, ya tara ƙasa a gindin bango don kada ruwa ya kwanta. Aikin kwana biyu ne ko uku, da ƴaƴa da maƙwabta. Wannan shi ne juyen man gida. Ganuwar ma da aka daina yi mata shi, ga abin da ya rage mata, guntaye nan da can.

Yau an bar wannan al'ada, ba a kuma maye ta da wata ba. Waɗansu sun lulluɓe bangon ƙasa da siminti, suna zaton sun huta ke nan har abada. Ba su huta ba. Siminti da ƙasa ba su kama juna sosai. Da zarar ya tsage, ruwa ya shiga ta baya, ba ya samun hanyar fita, sai ya riƙa jiƙa bangon a ɓoye. Daga waje gida fes, daga ciki ya zama kunu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ruwa ya fi ƙadangare iya neman tsaga.

Masu sabon gini na bulo da kwano su ma kada su ce wannan magana ba tasu ba ce. Tasu ce ma ta fi yawa, domin tun ran gini ran zane.

Farko dai fili. Tsofaffin garuruwanmu suna da kududdufai da tabkuna, inda aka ɗebi ƙasar gini, kuma nan ne ruwan sama yake taruwa ya bar gidaje lafiya. Da gari ya cika, sai aka riƙa cike su da shara ana yanka filaye a kai, ko a bakin hanyar da ruwa yake bi. Filin yana da araha a watan Maris. A watan Agusta ne ake biyan cikon kuɗinsa. Wanda zai sayi fili ya je ya gan shi da damina, ya tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa yake bi, kuma ya tabbatar da takardarsa a wurin hukumar birni kafin ya ba da ko dala. Ba wanda yake sayen mota bai ji ƙarar injinta ba, bai ga takardunta ba.

Sannan bulo. A watan Oktoba na 2024 gwamnati ta rage kuɗin siminti domin waɗanda gidajensu suka rushe su samu sake gini. Mataki ne mai kyau. Amma rahusar siminti ba ta gyara bulon da aka cika wa yashi. Mai gini yana son buhu ɗaya ya haifar masa da bulo mai yawa, mai bugawa kuma yana son ya faranta masa, sai a samu bulon da ake fasawa da ɗan yatsa. Ga kuma maganar ruwa, wadda duk ɗan Damagaram ya san zafinta. Garin a kan duwatsu yake zaune, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da ake bayarwa na mai da babban birnin ƙasa Yamai a 1926. Siminti kuwa sai da ruwa yake yin ƙarfi: sabon bulo da sabon ginshiƙi suna bukatar a yi ta ba su ruwa kamar mako guda. Wanda ya yi gini a tsakiyar bazara, lokacin da garuwa ta fi tsada, yakan yi rowar ruwan nan, rana ta busar da simintin kafin ya kama. Shi ya sa magina na da suke fara aiki bayan kaka, sa'ad da tabkuna suke da ruwa, iska kuma da sanyi. Wanda ba shi da kuɗin ruwa, gara ya dakata.

Harsashi ma haka. Ana rage masa zurfi don a samu kuɗin fenti da ƙofar ƙarfe mai ado, tun da su ne mutane suke gani. A bar daɓen ɗaki daidai da titi, ko ƙasa da shi. Ran da aka yi ruwan dare, titi ya juye cikin ɗaki.

Muna da magana ta musamman ga ƴan'uwanmu ma'aikatan gwamnati. Da yawa, da albashi ya fara zama, mota ce farko, gida sai an kusa ritaya. Kowa da dabararsa, ba mu shiga aljihun kowa ba. Amma mota tana tsufa tana rage daraja, kuɗin haya kuwa ba ya dawowa, kuma ginin da aka yi cikin gaggawa a shekarar ƙarshe ta aiki shi ne ake yi wa rowar siminti da ruwa. Ban da haka, jama'a suna kallon ma'aikaci. Idan wanda ya san doka ya gina a kan magudanar ruwa, ya ture ruwan zuwa gidan maƙwabcinsa talaka, da wane baki za a hana wani?

Hukuma kuma tana da nata. Kada a yanka fili a inda aka san ruwa yana kwanciya. A yashe magudanu tun watan Mayu, ba sai sun cika sun tumbatsa ba. A nemi tsofaffin magina da suka rage, waɗanda suka san makuba da ɗaurin azara, a haɗa su da samari su koya, domin gidajen ƙasa su ne mafi yawa a jahar nan, kuma za su daɗe a haka. Masu unguwanni da limamai suna iya tuna wa mutane lokacin yaɓe, kamar yadda ake shelar rigakafin yara.

Ku kuma da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, ga wurin da alƙalaminku zai yi aiki. Waɗansu direbobi suna riƙe da ɗan littafi a mota, inda suke rubuta ranar juyen mai da ranar da aka sa taya. Ku buɗe wa gida irinsa. Ku rubuta ranar da aka yi yaɓe, da inda rufi ya yi yoyo bara, da bangon da ya fara tsagewa, da kuɗin da gyaran ya ci. Idan watan Afrilu ya kama, ku buɗe littafin, ku ɗauki tsani ku hau soro.