Suna Linzami Ne: Raddi Ga Masu Cewa Sauya Sunaye Munafuncin Turawa Ne

 

Tun da gidajen rediyo suka koma cewa "masu buƙata ta musamman" ko "masu lalura" a inda a da ake cewa guragu da kutare da bebaye, wani ra'ayi ya samu gindin zama a majalisun 'yan boko da zaurukan wasu malamai. Masu shi na cewa wannan duk kwaikwayon Amurka ne, ƙasar da kullum ake kwana da suna ɗaya a tashi da wani: sunan baƙar fata ya sauya, sunan masu naƙasa ya sauya, har ranakun hutu ba su tsira ba. A ganinsu abin tsoro ne da munafunci da ake yi wa laƙabi da wayewa. Masu wannan magana ba jahilai ba ne, kuma akwai inda suka yi gaskiya. Don haka zan jero hujjojinsu guda shida kamar yadda suke faɗinsu, in bi su ɗaya bayan ɗaya.

Hujja ta farko: wai baƙon abu ne, Turawa suka kawo shi.

Wannan ita ce mafi rauni. Aya ta 11 a Suratul Hujurati ta haramta jifan juna da munanan laƙubba tun kafin Turawa su san akwai wata nahiya a hayin tekun Atlantika. Manzon Allah (SAW) da kansa ya riƙa sauya sunaye. Wata 'yar Sayyidina Umar da sunanta ke nufin mai saɓo, ya mai da ita Jamila. Barra ta koma Zainab. Yasriba ta koma Madina. Da Abu Zarri ya goranta wa wani mutum asalin uwarsa, Annabi bai ce ai gaskiya ya faɗa ba, sai ya nuna masa cewa akwai sauran jahiliyya tare da shi.

Ko a al'ada ma, wa zai koya wa Bahaushe sakaya zance? Mu ne ba ma cewa babba ya mutu, sai dai ya rasu ko ya riga mu gidan gaskiya. Mace mai ciki muna cewa tana da juna biyu. Uwa kan shekara hamsin ba ta kama sunan ɗanta na fari ba. Al'ummar da ta gina rabin maganarta a kan kunya da kara ba ta da bakin cewa tauna magana kafin a furta ta daga Washington aka yi mata odarsa.

Hujja ta biyu: wai suna ba ya canza komai, ko me ka kira kuturu yatsunsa ba za su dawo ba.

Yatsu ba za su dawo ba, gaskiya ne. Amma tambayar ita ce ko suna na canza yadda mutane ke aikatawa, kuma a nan akwai abin dubawa. A Japan akwai wani ciwon ƙwaƙwalwa mai tsanani da tsohon sunansa ke nufin tsagewar hankali. Sunan ya yi muni har likitoci da yawa ba sa iya gaya wa majinyaci abin da ke damunsa. Ƙungiyar iyalan majinyata ta roƙi a sauya shi, aka sauya a 2002 zuwa wani suna mai nufin matsalar daidaita tunani. Cikin shekara uku, yawan majinyatan da ake gaya wa ainihin ciwonsu ya tashi daga kusan kashi 37 cikin ɗari zuwa kusan kashi 70. Wanda ya san ciwonsa shi ke riƙe magani.

Kuturta ma haka. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magungunan da ke warkar da ita, kuma tun 1995 kyauta ake ba da su. Abin da ke cinye yatsu a yau jinkirin zuwa asibiti ne, jinkirin kuwa tsoron sunan ne ke jawo shi. Mutum ya ga tabo a jikinsa da ba ya jin taɓi, sai ya ja hannun riga ya rufe, don ya san ranar da kalmar ta fita, an raba masa kwano, an fasa auren 'yarsa. Shi ya sa Brazil ta yi doka a 1995 cewa a takardun gwamnati a riƙa kiran ciwon da sunan Hansen, likitan Norway da ya gano ƙwayarsa a 1873. Dokar ba ta kawar da ciwon daga Brazil ba, har yanzu tana cikin ƙasashen da ya fi yawa. Amma tsakanin "suna kaɗai bai isa ba" da "suna ba ya komai" akwai tafiya mai nisa.

Hujja ta uku: wai sabon sunan ma lalacewa yake yi, to ina amfanin wahala?

A nan suna da madogara. A 1910 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Henry Goddard, ya ƙirƙiro kalma ta ilimi don masu raunin fahimta. Ba a jima ba ta zama zagi a bakin yara. Aka kawo wata, ita ma ta zama zagi, har a 2010 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ake kira Dokar Rosa aka cire ta daga dokokin tarayya da dama. Masanin harshe Steven Pinker ya bayyana dalilin: muddin raini na nan a zuciya, zai bi sabuwar kalma ya ɓata ta.

Na yarda da bayanin, ban yarda da hukuncin da aka ɗora a kansa ba. Riga ma in an wanke ta sake datti take yi, ba wanda ya daina wanki saboda haka. Kowace sabuwar kalma na ba yaro mai lalura wasu shekaru da sunan da ke cikin fayil ɗinsa na makaranta ba shi ne ake jifansa da shi a filin wasa ba. Kuma ba kullum tafiyar ke bin hanya ɗaya ba. Kafin shekarun 1960, ka kira Ba'amurke ɗan asalin Afirka "baƙi" zagi ne, "Negro" ita ce kalmar ladabi, da ita Martin Luther King ke magana. Daga 1966, lokacin da su Stokely Carmichael suka ɗaga taken ikon baƙar fata, masu sunan suka ɗauki zagin suka mai da shi tutar alfahari. A 1988 Jesse Jackson ya jagoranci kiran a haɗa sunansu da Afirka. Duk da haka babbar ƙungiyarsu ta NAACP, da aka kafa a 1909, har gobe tana riƙe da tsohuwar kalmar da ke cikin sunanta. Ba ruɗewa ba ce. Masu suna ne ke juya abinsu yadda suka ga dama.

Hujja ta huɗu: wai ana ɗaure wa mutane harshe, ana hana faɗin gaskiya. Suna ƙarawa da cewa Suratu Abasa ta ambaci Abdullahi ɗan Ummi Maktum da makantarsa, kuma manyan maruwaita hadisi kamar A'amash da A'araj da lalurar idonsu da ta ƙafarsu aka san su.

Wannan ita ce hujjarsu mafi ƙarfi, kuma rabinta gaskiya ne. Akwai wuce gona da iri. Wani lokaci mutanen ofis ne ke zama su ƙago suna su ɗora wa jama'a. A Amurka an ƙago wa 'yan asalin Latin Amurka sabon suna, jami'o'i da jaridu suka ɗauka, sai binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna kashi 3 cikin ɗari kacal na mutanen ne ke kiran kansu da shi. Tun 1993 babbar ƙungiyar makafi ta Amurka ta zartar da ƙuduri cewa ba ta son kewaye-kewaye, a kira su makafi, don makanta ba abin kunya ba ce. A nan gida ma muna da sarautar Sarkin Makafi, ba kuma wanda ya ɗauke ta zagi. Ni kaina ina ganin "masu buƙata ta musamman" ta yi faɗi da yawa, ba ta gaya wa ma'aikacin asibiti ko mai fassarar maganar hannu zai nemo ko keken guragu.

Sai dai ku lura, duk waɗannan misalai hujja ce a kanku. Me ya sa sunan da aka ƙago ya faɗi? Don masu shi ba su karɓa ba. Me ya sa "makaho" ya tsaya? Don masu shi sun ce a bar shi. Malamanmu sun riga sun warware wannan: Imamu Nawawi ya halatta ambaton mutum da laƙabin lalurarsa in don a gane shi ne, ya hana in don a tozarta shi ne. Kuma Abasa da kuke kafa hujja da ita, ai sura ce da ta sauka don kare martabar makahon, wanda daga baya ya zama ladani, aka kuma riƙa bar masa riƙon Madina.

Mu juya kan ƙabila. Mutanen da muke kira Gwari sun ce su Gbagyi ne. Kaje sun ce Bajju, Kataf sun ce Atyap, Yergam sun ce Tarok. Mai cewa ai tsohon sunan ba zagi ba ne, ya tuna me muke nufi in muka ce mutum na gwaranci. In har bai gamsu ba, ya je Legas ya tsaya kusa da mai gyaran takalmi ɗan Arewa, ya ji yadda ake ƙwala masa "aboki" daga cikin mota, a miƙo ƙafa ba a ko kalli fuskarsa ba. Ba kalmar da ta kai wannan daɗi a Hausa, amma kowa ya san me aka mai da ita a can. In ranka ya sosu da wannan, to ka riga ka karɓi ƙa'idar da kake musu: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Hujja ta biyar: wai sauya ranakun hutu shafe tarihi ne.

Misalinsu Ranar Kolumbus ce, wadda wurare da dama a Amurka suka mai da Ranar 'Yan Asalin Ƙasa. Birnin Berkeley ya yi haka a 1992, Shugaba Biden ya yi shelar ranar a 2021. To ranar hutu ba littafin tarihi ba ce, lambar girma ce. Ba wanda ya goge tafiyar Kolumbus ta 1492 daga manhaja. Abin da aka ƙara shi ne abin da ya samu mutanen Taino da ya tarar a can na bauta da kisa, da kuma cewa a 1500 wakilin masarautar Sifaniya da kansa ya sa aka komo da Kolumbus cikin sarƙa. Ita ma ranar siyasa ce ta ɗaukaka ta: Shugaba Harrison ya yi shelar bikinta a 1892, shekara guda bayan gungun mutane sun kashe 'yan Italiya goma sha ɗaya a New Orleans. Don haka 'yan asalin Italiya ke kishinta, kuma kukansu abin saurare ne. Amma abin da siyasa ta ɗora, siyasa na iya sauke shi.

Mu ma mun yi. Kakanninmu sun yi fareti ranar 24 ga Mayu don bikin daular Ingila, yau wa ke kewarta? A 2018 aka mayar da Ranar Dimokuraɗiyya daga 29 ga Mayu zuwa 12 ga Yuni. Gold Coast ta zama Ghana a 1957, Fort-Lamy ta zama Njamena a 1973, muka kira wannan 'yanci. Batun gaisuwar Kirsimeti kuwa, da wasu kantunan Amurka suka mai da gaisuwar hutu ta kowa da kowa, ba ta rage wa bikin komai ba, yana nan hutun tarayya tun 1870. Kuma wannan tunani na lura da maƙwabci shi ya sa a 2015 birnin New York ya sanya ƙaramar Salla da babba cikin ranakun hutun makarantun gwamnati. Musulmin da ya yi murna da wannan ba shi da hujjar yi wa wancan dariya.

Hujja ta shida: wai gyaran suna ya zama mafakar masu gudun aiki.

A nan hannunmu ɗaya. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa. Ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Yau ka je ofisoshi da bankuna da yawa, za ka tarar da mai keke a gindin matakala, rana na dukansa, yana jiran majiya ƙarfi biyu su ciccibe shi, ko ya miƙa wa maigadi takardunsa ya shigar masa. A ciki kuwa jami'in da bai gina gangaren ba yana ta maimaita "masu buƙata ta musamman" a jawabinsa. Wannan munafunci ne, ba musu.

Amma maganinsa a matsa a gina gangaren, ba a koma zagi ba. Dokar ma ba ta samu ba sai da masu lalurar suka yi shekaru suna fafutukar raba kansu da sunan mabarata, suna cewa haƙƙi muke nema ba sadaka ba. Sauyin harshe na cikin abin da ya haifi dokar da kuke kukan ba a aiwatar ba.

Abin da nake kira gare shi bai wuce ma'auni uku ba. A tambayi mai suna, abin da ya zaɓa shi ne sunansa, ko tsoho ne ko sabo. A bambanta mai kuskure da mai ganganci: dattijon da ya faɗi kalmar da ya tashi da ita a gyara masa cikin ladabi, ba a yi masa taron dangi ba. Sannan duk hukumar da ta gyara harshenta a bi ta bashin aiki, a tambaye ta ma'aikata nawa ta ɗauka, ƙofa nawa ta gyara. Wanda ke da hujjar da ta rushe ɗaya daga cikin ukun nan, ya kawo ta, za a saurare shi.