Amalanke marar taya da hanyar asibiti

Yau zan ja ku zuwa ƙasashen dusar ƙanƙara, amma ku yi haƙuri, a Yobe za mu sauka.

A watan jiya na je gaisuwa Gashuwa. A bayan gari na tarar da wasu yara sun yanke jarka gida biyu, sun ɗaura mata igiya, sun zaunar da ƙaninsu a ciki suna ja a kan rairayi. Jarkar sai tura yashi take yi a gabanta, suna ta nishi. Da suka iso inda wani mai wankin babur ya jiƙa ƙasa, sai ta tafi sumul. Babbansu ya ce, "Ku riƙa bi ta nan!"

Yaron nan bai sani ba, amma abin da ya gano Misirawa sun zana shi a bangon wani kabari kusan shekara 4,000 da suka wuce. A zanen, mutum 172 ne ke jan wani ƙaton gunki da aka ɗaure a kan katako marar taya, ga wani mutum a gaba yana zuba ruwa a ƙasa. An daɗe ana zaton al'ada ce kawai, sai a 2014 masana a Jami'ar Amsterdam suka gwada, suka ga idan yashi ya jiƙu daidai, ƙarfin da ake bukata wajen ja yakan ragu da kusan rabi. Ruwan yana ɗinke ƙwayoyin yashin ne, ba ya taruwa a gaban katakon. In ruwan ya yi yawa kuma, an koma gidan jiya.

To, mutanen da ƙasarsu ke rufe da ƙanƙara rabin shekara sun fi kowa zurfafawa a wannan ilimi, domin taya ba ta da amfani a wurinsu. A arewacin Rasha an tono guntayen dogayen katakan da ake ɗaurawa a ƙafa don zamiya a kan dusar ƙanƙara, masu shekara kimanin 8,000. Hikimar ba ta wuce wadda ke tafin raƙumi ba: a baza nauyi a wuri mai faɗi, ƙafa ba za ta nutse ba. Direbobinmu masu shiga Machina da Yusufari ita suke amfani da ita idan suka rage wa taya iska kafin su faɗa yashi.

Wanda ya fi burge ni shi ne amalanken mutanen Inuit na arewacin Kanada. Dogayen katakai biyu ne a ƙasa, an gitta musu gajeru a sama, kuma babu ƙusa ko ɗaya. Da tsirkiyar fata ake ɗaure shi. Dalili kuwa, abin da aka kafe da ƙusa in ya daki tudun ƙanƙara tsagewa yake yi, wanda aka ɗaure kuwa sai ya ɗan lanƙwasa ya wuce. Ƙasan katakan su shafe shi da taɓo, ya daskare, su kankare shi ya yi sumul, sannan su fesa ruwa da baki su goge da fata har ya zama gilashin ƙanƙara. Wasunsu da ba su da itace ma, kifi suke jerawa cikin jiƙaƙƙiyar fata, su naɗe, sanyi ya mayar da shi kamar sanda, su yi ƙafar amalanke da shi. Na san masunta na Nguru za su ce wannan almubazzaranci ne, amma su in tafiya ta ƙare cinye abinsu suke yi.

Su kuma mutanen Sami na arewacin Turai nasu kamar rabin kwalekwale yake, gabansa a ɗage, barewarsu ta gida ke ja. Daga irin wannan siffa aka samo abin da masu ceto ke kwantar da wanda ya karye a kan duwatsun ƙanƙara har yau.

Me ya kawo wannan duka shafin lafiya? Ga shi.

A watan Janairun 1925 cutar mashaƙo ta ɓarke a Nome, wani ƙaramin gari a Alaska ta Amurka. Likita ɗaya ne a garin, Dokta Curtis Welch, kuma maganin kashe dafin cutar da ke hannunsa wa'adinsa ya ƙare. Teku ta daskare, jirgin ruwa ba ya zuwa. Aka samo maganin a Anchorage, aka sa shi a jirgin ƙasa zuwa Nenana, inda ya fi kusa da za a iya sauke shi. Daga nan saura kilomita 1,085, ba titi. Ku tuna yadda layin dogo daga Kano ya zo ya tsaya a Nguru, abin da ya rage kuma sai dabara.

Mutum 20 da karnuka kusan 150 suka yi aikin, a kan irin waɗancan amalanke. Kowa ya ɗauki zangonsa, ya miƙa wa na gaba, dare da rana, cikin sanyin da ya wuce digiri 40 ƙasa da sifili. Suka tashi ranar 27 ga Janairu, suka shiga Nome da asubar 2 ga Fabrairu, kwana biyar da rabi. An yi wa Balto, karen da ya ja gaba a zangon ƙarshe, mutum-mutumi a birnin New York. Ni a ganina ba kare ne abin lura ba. Abin lura shi ne tun kafin maganin ya sauka daga jirgi an riga an aika wa mutanen zangunan farko inda za su tsaya su jira.

Mashaƙon nan ba labarin wata duniya ba ne. A ɓarkewar 2023, Yobe na cikin jihohin da suka fi jin jiki, tare da Kano, kuma mafi yawan waɗanda ta kama yara ne da ba a kammala musu rigakafi ba. Takan fara kamar mura: ciwon maƙogwaro, zazzaɓi marar zafi sosai, kasala. Bayan kwana biyu ko uku sai wata fata mai launin toka ta shimfiɗu a maƙogwaro, wuya ya kumbura, numfashi ya fara ƙara. Ƙwayar cutar tana sakin dafi mai taɓa zuciya da jijiyoyi, maganin kuwa dafin da bai riga ya kama jiki ba kaɗai yake iya kashewa. Shi ya sa kowace rana ke da tsada. Don Allah kada a kai yaron wurin wanzami a ce beli ne, kada kuma a sa yatsa ko cokali a kankare fatar, jini za ta yi, tana iya toshe masa numfashi.

Yanzu ku dubi ƙasar da ke tsakanin Nguru da Gashuwa. Ta arewa yashi ne da ke cinye taya. Ta kudu fadama ce, da damina ruwan koguna ya malale ta, ga kacala ta toshe hanyoyin kwalekwale. Wanda ya ga ambaliyar 2022 ya san yadda ƙauye ke zama tsibiri. Nguru na da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, Gashuwa na da babban asibiti, amma uwar da ke can cikin fadama sai ta ratsa taɓo zuwa bakin ruwa, ta shiga kwalekwale, ta hau amalanken shanu, kafin ta ga kwalta. Zango huɗu ke nan, kuma sau da yawa sai ciwo ya yi tsanani ake fara cigiyar mai kowane zango.

Ku da kuke birni, kuna da iyaye da ƙanne a waɗannan ƙauyuka, wannan aikin naku ne, kuma da rani ake yin sa. A san mai kwalekwalen da za a tasa ko da tsakar dare, da mai shanu, da direban da zai jira a bakin titi. A rubuta lambobinsu a takarda a manna a bango, kada a bar su a wayar mutum ɗaya. A ware kuɗin mai a hannun wanda ba zai taɓa su ba. Mai ciki da ta shiga wata tara, musamman wadda ta taɓa shan wuyar haihuwa, gara ta dawo gidanku na gari kafin ruwa ya rufe hanya.

Ba ina cewa a ja marar lafiya a kan yashi kamar yaran jarka ba. A busasshen rairayi ɗauka ta fi ja sauƙi. Sanduna biyu masu ƙwari da buhuna biyu da aka zura su ciki sun isa mutum huɗu su ɗauki babba, kuma a ɗaure da igiya, kada a buga ƙusa, saboda dalilin da Inuit suka gano. Inda taɓo ke nutsar da ƙafa, a shimfiɗa zana ko tsohon ƙyaure a taka. Mai naƙuda a kwantar da ita ta gefen hagu. Yaron da numfashi ke yi wa wuya a riƙe shi a zaune, mai riƙon ya rufe hanci da baki, kuma kada a cika motar da sauran yara. Su ma waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da shi a gaya wa likita, akwai maganin da ake ba su.

Allurar da ke hana wannan tafiya gaba ɗaya kuwa kyauta ce a asibitocin gwamnati. Ita ce ake kira Penta, sau uku: jariri na da mako 6, da mako 10, da mako 14. In kun yi waya gida a makon nan, ku sa a ɗauko katin kowane yaro a karanta muku. Wanda aka tsallake masa ko ɗaya, a kai shi ranar rigakafi ta gaba, ba sai an koma farko ba, daga inda aka tsaya za a ci gaba.