A Gwada Kafin A Zartar

A shekarar 1970 Jami'ar Ife ta fara wani gwaji a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Babs Fafunwa, da tallafin Gidauniyar Ford. Aka koyar da wasu yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, aka bar wasu kan tsohon tsari, sa'an nan aka auna. Waɗanda suka yi karatu da harshen uwa ba su gaza ba, ko a Turanci.

Gwamnatin Tarayya kuwa ta zartar da koyarwa da harshen uwa a 2022, ta soke a 2025. Shekara uku ba ta isa yaro ya gama firamare ba, balle a auna shi!

A Ƙaramar Hukumar Tafa, daga Sabon Wuse zuwa Gauraka, ɗan Gwari da ɗan Koro da Bahaushe benci ɗaya suke zama. Harshen wa za a ɗauka? Gwaji kaɗai zai nuna. Dokar 2004 ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya. Lalle ne a gutsuro wani abu daga ciki, a gwada a 'yan makarantun Tafa, malaman Kwalejin Ilmi ta Minna su auna, a buga sakamakon ko da bai yi wa Minista daɗi ba.