Vinoba Bhave da Tuban 'Yan Fashi: Abin Lura ga Ƙasar Ruma

A duk lokacin da zancen sulhu da 'yan bindiga ya taso a ƙasar Ruma, wato Batsari, ya kyautu a waiwayi wani malamin addinin Hindu, Vinoba Bhave (1895–1982), almajirin Mahatma Gandhi. Masanin littafin Bhagavad Gita ne, ya kuma koyi Larabci domin nazarin Alƙur'ani. Sai dai tattaki ne ya fito da sunansa.

A 1951, a ƙauyen Pochampally, talakawa marasa gona suka kai masa kuka, nan take wani mai hali ya ba da eka 100. Daga nan Vinoba ya shekara 13 yana ratsa Indiya da ƙafa, yana roƙon masu gonaki su ɗauke shi tamkar ɗansu na shida, su ba shi rabonsa ya miƙa wa marasa shi. Ya tara fiye da eka miliyan 4, ko da yake da yawa fako ne wanda ba ya nomuwa.

A cikin wannan tafiya ne, a 1960, ya shiga kwarin Chambal, matattarar 'yan fashi, inda wajen 20 suka ajiye bindigoginsu a gabansa. Abin lura shi ne, ba gida suka koma ba: kurkuku suka nufa, suka tsaya gaban alƙali. 'Yan sanda sun yi ƙorafin cewa ya mai da ɓarayi jarumai, kuma ƙorafin ba ya rasa tushe, domin fashin bai ƙare ba. Amma a 1972 ɗaruruwa sun bi sahu a hannun Jayaprakash Narayan.

Gwamnatin Aminu Bello Masari ta yi sulhu a 2016 da kuma 2019, duka biyun suka wargaje, manoman bakin dajin Rugu suka kwana a ciki. An yi afuwa ba tare da shari'a ba, saboda haka wanda aka kashe wa ɗa bai ga hakkinsa ba. Bugu da ƙari, ba a warware maganar gona da burtali da makiyaya ba, alhali kuwa nan ne gizo ke saƙa. Shi Vinoba sai da ya shekara 9 yana neman wa talaka abin nomawa kafin ya nemi ɗan fashi ya miƙa wuya.