Kafin a tambayi kuɗin vape, a tambayi batirin da ke cikinsa

Duk mai leƙa shagunan kayan waya a Gusau, ko mai bin masu talla a WhatsApp da TikTok, ya san sigarin lantarki, wanda matasa ke kira vape, ya shigo gari. Tambayoyin mai saye kuwa ba sa wuce biyu: nawa ne, kuma yana fitar da hayaƙi sosai? In na'urar tana da ɗan allo mai nuna lambobi da maɓallin ƙara wuta, ciniki ya faɗa. Da wuya a ji wanda ya tambayi batirin da ke ciki, alhali shi kaɗai ne ɓangaren da zai iya ƙona cinya ko fuska cikin daƙiƙa biyu. Wanda zai yi tsimin kuɗi ya yi a ko'ina, ban da a kan batir.

Na'urar ba ta da wani sirri. Tun da wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, ya ƙirƙiro ta a 2003, abubuwa uku ne ginshiƙinta: batir, ɗan allon lantarki mai sarrafa wuta, da siririyar waya mai murɗi, wato koyil, wadda ke zafi ta mayar da ruwan ciki tururi. Mai maɓallin ƙara wuta tana bai wa mutum damar zaɓen ƙarfin da zai isa ga koyil. Irin su eGo Twist, misali, ana murɗa su daga bolt 3.2 zuwa 4.8.

Lissafin na ajin sakandare ne. Koyil mai om 1.8 a bolt 3.7 yana cin wat 7.6. Aka murɗa zuwa 4.8, sai ya koma wat 12.8. Ƙarin bai wuce bolt ɗaya da ɗoriya ba, amma zafin ya kusa ninkawa. Batirin kansa ba ya wuce bolt 4.2 ko da ya cika taf, don haka allon ne ke ƙara zuƙar wuta daga jikinsa don ya cike giɓin. A manyan na'urori abin ya fi haka: koyil mai om 0.2 a bolt 4.2 yana jan amfiya 21. Cajar waya ta yau da kullum amfiya 2 take bayarwa. Wato ana neman ninkin haka sau goma daga abin da bai fi ɗan yatsa girma ba, kuma yana dab da baki.

Batirin da aka fi sa wa irin waɗannan na'urori shi ne 18650. Sunan ma'auninsa ne: faɗi milimita 18, tsawo milimita 65. Shi ne a cikin tsofaffin batiran laftof, da tocila, da fanka mai caji, da fawa bank da yawa. Lambobi biyu ne ke bayyana shi. Ta farko mAh, wato girman tankin. Ta biyu amfiyar da zai iya bayarwa ba tsayawa ba tare da ya yi zafi fiye da ƙima ba, wato faɗin bututun. Mai saye lambar farko kawai yake kallo, ta biyun kuma ita ce ta tsaron lafiyarsa. Samsung 35E yana da 3,500mAh amma amfiya 8 yake ɗauka. Samsung 25R yana da 2,500mAh amma yana ɗaukar amfiya 20. Wanda ya zaɓi na farko don lambarsa ta fi girma, ya sa shi a na'ura mai jan amfiya 21, ya ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Wannan ma in batirin na gaske ne. Manyan kamfanonin da ke ƙera shi, irin su Samsung da LG da Panasonic da Murata, wanda ya sayi sashen batir na Sony a 2017, mafi girman abin da suka saba fitarwa a wannan ma'auni yana wajen 3,500mAh. Duk 18650 da aka rubuta wa 6,800 ko 9,900mAh ƙarya ce aka buga da fenti. Na gaske yana da nauyin giram 45 zuwa 50, na jabu kuwa sau da yawa hannu ma yana jin rashin nauyinsa. Wasu kuma tsofaffi ne da aka ɓalle daga matattun laftof aka sa musu sabuwar riga. Wanda ya yi ƙarya a kan mAh babu dalilin yarda da shi a kan amfiya.

Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma shi bai taɓa ganin wanda abin ya fashe wa ba. Gaskiya ne ba kullum yake faruwa ba. Amma hukumar kula da harkar gobara ta Amurka ta ƙirga gobara da fashewa 195 na sigarin lantarki tsakanin 2009 da 2016, da raunuka 133. A watan Mayun 2018 wani mutum ya rasa ransa a jihar Florida bayan na'urarsa ta fashe, kuma irin wadda ba ta da allon kariya ce, batir da koyil kai tsaye. A Janairun 2021 hukumar kare masu sayen kaya ta ƙasar ta gargaɗi jama'a da su daina sayen 18650 a tsirarsa, domin an ƙera shi ne don a rufe shi cikin kunshi mai kariya. Kamfanin Samsung kansa, da duk injiniyoyinsa, sai da ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwa a 2016 saboda batir. In haka ta samu mai suna, ina ga wanda ko sunan masana'anta babu a jikinsa?

Yanayin Zamfara kuma yana ƙara wa abin nauyi. A watannin Maris da Afrilu zafin Gusau yakan haura digiri 40 a inuwa, kuma ƙa'idar batirin litiyom ita ce kada a yi masa caji in zafinsa ya wuce digiri 45. Sai a duba inda yake yini: ƙarƙashin kujerar babur, ko gaban mota a rana, ko shagon mai cajin waya na kwanon rufi a Tsafe ko Bungudu, inda janareta ke ciyar da wayoyi birjik a kan katako guda. Sai a duba lokacin da ake caji a gida: in an kawo wuta tsakar dare, a jona, a tura kusa da matashin kai, a koma barci.

Akwai kuma aljihu. Gangar jikin 18650 gaba ɗaya ɓangaren wuta ɗaya ce, ɗan kan sama ne kawai ɗaya ɓangaren, kuma siririyar leda ce ta rufe su. In ledar ta yage, makullin babur ko na shago ya haɗa su a aljihun jamfa, batirin zai zubar da duk wutarsa nan take, ya hura harshen wuta a jikin yadi. Mai ƙuna a Gusau yana kusa da Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Wanda abin ya samu da dare a Tsafe kuwa, kowa ya san hanyar nan ba wadda ake hawa da duhu ba ce a 'yan shekarun nan. Araha ba ta ado, a nan kuma har jinya take jawowa.

Hujjar rashin kuɗi ita ce mafi ƙarfi, don kaya na gaske da dala ake shigo da su. Amsarta ita ce mai ƙaramin ƙarfi ya nemi ƙaramin abu na gaske, ya bar babban abu na jabu. Na'ura mai ƙaramin wat, mai batir a rufe, mai allon da ke yanke wuta in an daɗe ana dannawa ko waya ta haɗu, ta fi babbar da aka cusa wa batirin da ba a san asalinsa ba. Wadda ba ta da allon kariya kwata-kwata a bar ta a kanta. Batiri mai cirewa a ajiye shi cikin ɗan akwatin roba. In ledarsa ta yage, ko ya lotse, ko ya kumbura, ko ya riƙa zafi yana ajiye, aikinsa ya ƙare: a fitar da shi waje a kan yashi, nesa da fetur da yara. Caji kuma ido biyu, a kan siminti, ba kan katifa ba.

Sai gaskiyar da mai talla ba zai faɗa ba. Ga wanda ba ya shan taba, babu na'urar da za a kira zaɓi mai kyau. Yawancin ruwan da ake zubawa yana da nikotin, shi ne sinadarin da ke kama mai shan sigari ya hana shi bari. Hukumar lafiya ta Ingila, wadda ke ganin vape ya fi sigari sauƙin illa, ga manya masu neman barin taba take faɗin haka, kuma ta ce ba na yara ba ne, ba na wanda bai taɓa sha ba ne. Indiya ta haramta shi gaba ɗaya a 2019, Birtaniya kuma ta hana sayar da na yarwa daga 1 ga Yunin 2025. Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba taba, kuma mai shagon da ya san ya kamata ba zai ɓuya a bayan cewa wannan na batir ne ba. Kuɗin na'ura sau ɗaya ake biya, na ruwa da koyil kuwa kowane mako ne, daga aljihun da ake sayen data.

Alhakin bai tsaya kan mai saye ba. Ɗan kasuwar da ke saro kaya daga Farm Centre a Kano ko Alaba a Legas ya fi kowa damar ƙin karɓar batir mai lambar ƙarya, hukumar SON mai kula da ingancin kaya kuma aikinta ke nan. Amma kafin su motsa, ilimin yana da amfani ga wanda ko kusa da vape ba ya zuwa. Fawa bank mai 20,000mAh na gaske, in da 18650 aka haɗa shi, yana buƙatar shida mafi girma, nauyinsu kaɗai ya kusa giram 300. In an miƙo wanda aka rubuta wa 50,000mAh, hannu ya ji bai kai waya nauyi ba, a mayar wa mai shago kayansa.